Tallafin karatun digiri na biyu a zanen gine-gine: wai ta ina ake ɓullo masa?

Mai_Fensir ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya.

Digirina na farko a zanen gine-gine na yi shi, kuma tun da na gama nake aiki a wani ƙaramin ofishin zane, yanzu na haura shekara biyu. Yawancin abin da ke zuwa teburina gidajen zama ne da azuzuwan makarantu, sai kuma zuwa wurin gini in duba ko magina sun bi abin da ke takarda. Bara na nemi gurbin M.Arch, wato digiri na biyu a zanen gini, a wata makaranta a Amurka, aka ba ni, har da rangwame a kuɗin makaranta. Murna ta koma ciki da na zauna na yi lissafi: ragowar kuɗin makaranta, haya, inshorar lafiya, kayan sitidiyo, sannan a ninka wannan duka sau shekarun karatun. Su kuma ba sa fitar da takardar I-20 da ake neman biza da ita sai sun ga shaidar kuɗin shekarar farko a ƙasa. Ina ji ina gani gurbin ya wuce.

Abin da ya fi ɗaure min kai, abokaina da suka karanta injiniyanci da lafiyar al'umma da aikin gona suna ta samun cikakken tallafi, har da kuɗin jirgi. Mu kuwa in ka buɗe jerin fannonin da ake ɗaukar nauyi, sai ka yi ta gangarawa har ƙasa ba ka ga sunanmu ba. Shin akwai cikakken tallafi na masu zanen gini, ko duk waɗanda na ga sun tafi da kuɗin gidansu suka tafi? Chevening ɗin nan ta Birtaniya da ake ta magana tana ɗaukar irinmu? Sannan akwai wani mutum da aka haɗa ni da shi, ya ce in na biya shi wani kaso zai samo min sikolashif a Turai cikin wata uku. Ban ba shi komai ba tukuna, don hankalina bai kwanta da shi ba.

Malam_Kwamfas ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bari in fara da na ƙarshen don shi ne mai sauƙi: kada ki ba mutumin nan ko sisi. Chevening, DAAD ta Jamus, Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, na gwamnatin Turkiyya da na Japan, duk kyauta ake nema, kuma babu wanda ke da gurbi a aljihunsa da zai sayar miki. Wata ukun da ya ambata ma kaɗai ya tona masa asiri, domin tsakanin ranar da ake buɗe shafin nema da ranar shiga aji kusan shekara guda ake ɗauka.

To ga inda gizo ke saƙar. Digiri na biyu a fanninmu iri biyu ne, kuma kuɗi ba ya bin su daidai. Akwai na sana'a, wanda shi ne matakin samun lasisi: M.Arch da hukumar NAAB ta amince da shi a Amurka, mai ɗaukar shekara biyu zuwa uku da rabi, da wanda ake kira Part 2 a tsarin RIBA, ƙungiyar masu zanen gini ta Birtaniya, shi kuma shekara biyu. Akwai kuma na ƙwarewa, na wanda ya riga ya iya zane yana son ya zurfafa a abu guda, kamar tsara birane, adana tsofaffin gine-gine, gini mai sanyi wanda ba ya cin wuta, samar da gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi, ko sake gini bayan ambaliya da yaƙi. Irin wannan a Birtaniya galibi shekara guda ne.

Na farkon, masu ba da tallafi suna ganin sana'a ce za ka koya ka fita ka nemi kuɗi da ita, don haka ka biya da kanka. Karatun sitidiyo kuma yana cin kuɗin makarantar ita kanta: malami guda da ɗalibai 'yan kaɗan, kowa da teburinsa, ga ɗakin injinan yanka katako da na fitar da samfur. Sannan malamin sitidiyo ba kasafai yake riƙe da kuɗin bincike irin na malamin injiniya ba, wanda zai ɗauki ɗalibi ya biya masa makaranta daga ciki. Shi ya sa abin da ya zo miki rangwame ne. Na biyun kuwa ya faɗa cikin abubuwan da gwamnatoci ke ware wa kuɗi, wato raya ƙasa da sauyin yanayi da cunkoson birane. Fanninki yana cikin jerin nan da kika yi ta gangarawa, a ƙarƙashin waɗannan sunaye yake.

Chevening ta ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce, tun 1983 ake yin ta, kuma ba ta ware fanni. Sharaɗinta shi ne kwas ɗin ya kasance na wata 9 zuwa 12, saboda haka Part 2 mai shekara biyu ya fita tun a nan. Amma kwasakwasan shekara guda na makarantar Bartlett ta jami'ar UCL a Landan, musamman na sashenta na DPU da ke aiki kan biranen ƙasashe masu tasowa, ko na adana gine-gine a York, ko na gini da muhalli a Cardiff da Sheffield, irinsu ne suka dace da wannan ma'auni. Suna neman awa 2,800 na aiki, wato kimanin shekara biyu, kin riga kin cika. Za ki zaɓi kwas uku, kuma za ki yi alkawarin komawa ƙasarki na aƙalla shekara biyu bayan gamawa. Ana buɗewa wajen Agusta a rufe kafin ƙarshen shekara.

Abu guda da ya kamata ki sani: Chevening ba ta kallon zanenki. Rubutu take karantawa, kan jagoranci, da yadda kike hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen kwas ɗin, da abin da za ki yi in kin dawo. Mu masu zane nan muke shan ƙasa, don mun saba mu ajiye takarda mu bar ta ta yi magana. Ranar da kika shawo kan mai gini da magina suka yarda aka sauya wani abu a wurin aiki, wannan shi ne jagorancin da suke tambaya, ki rubuta shi dalla-dalla.

Ki duba Commonwealth Shared Scholarships ma in ƙasarki tana cikin ƙungiyar Commonwealth. Kowace shekara akwai jerin kwasakwasan da aka amince da su, kuma jerin yana sauyawa.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Malam ya gama magana kan Birtaniya, ni bari in ƙara da Jamus tunda nan na bi.

DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, tana da ƙofa biyu da suka shafe mu. Ɗaya ana kiranta EPOS, ta kwasakwasan da suka shafi raya ƙasa, kuma a cikinsu akwai Urban Management a jami'ar TU Berlin, da Infrastructure Planning a Stuttgart, da SPRING a Dortmund na tsara yankuna. Da Turanci ake yin su. Suna son shekara biyu na aiki bayan digiri, kuma digirin kada ya wuce shekara shida da samu, to ki lura da wannan, agogonki ya riga ya fara tafiya. Ɗayar ƙofar ta masu zanen gini ce zalla, da masu zanen cikin gida da tsara birane da adana gine-ginen tarihi, ita kuma sai da kundin ayyuka, wato tarin zanukan da kika yi. Ki shiga rumbun bayanan DAAD ki zaɓi ƙasarki, don abin da aka buɗe wa kowace ƙasa da ranar rufewa sun bambanta.

Alawus ɗin ɗalibin mastas a 'yan shekarun nan Yuro 992 ne a wata, ban da inshora da kuɗin tafiya. Ba kuɗin fantamawa ba ne, a manyan birane haya ce ke lashe mafi yawansa, amma yana riƙe mutum.

Ko ba ki samu DAAD ba, yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai ɗan kuɗin zango. Akwai waɗanda suka fita daban: jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 a zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba tun 2017, TU Munich ma ta fara karɓa a 2024. Inda ake tsayawa cak shi ne biza, don sai kin zuba kuɗin shekara guda a asusun da ake kullewa, Yuro 11,904, ana sakar miki kaɗan-kaɗan duk wata. Doka ta ba ɗalibi damar aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, kuma ofisoshin zane suna ɗaukar ɗalibai, sai dai wanda ba ya jin Jamusanci yakan sha wuya kafin ya samu. Ki kuma sani cewa yawancin mastas na zane zalla da Jamusanci ake koyar da su, na Turanci ba su da yawa.

Erasmus Mundus kuma Yuro 1,400 take bayarwa a wata, ta biya makaranta, ki yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. Akwai kwasakwasan birane da na kayan tarihi a ciki. Ki riƙa duba kundinsu na shekarar da kike ciki, don wani kwas yana nan amma tallafinsa ya ƙare.

Ɗan_Siminti ya rubuta:

Da girmamawa ga Malam da Hajiya, ni ban gamsu da inda ake tura baiwar Allahn nan ba. Ta ce M.Arch ta nema. Mai neman M.Arch zane yake so. Yanzu an ce ta je ta karanta kula da birane saboda nan kuɗi yake. In ta gama, rahoto za ta iya rubutawa da tsara manufofi, hannunta na zane yana nan inda ta bar shi. Na san mutanen da suka bi kuɗi haka, suka dawo da takarda mai kyau, yau ko linta ba sa zanawa. Ba laifi ba ne in abin da mutum ke so ke nan, amma a faɗa mata gaskiya tun yanzu.

Kuma akwai wuraren da ake samun mastas na zane na shekara biyu da tallafi, kawai ba su ne ke bakin mutane ba. Italiya: Politecnico di Milano da na Torino suna da kwasakwasan zane da Turanci, kuma akwai tallafin da ake kira DSU wanda ake bayarwa bisa ƙarfin samun iyali, baƙi ma suna samu. Wahalarsa takardu ne, shaidar samun iyayenki da kadarorinsu, a fassara, a buga hatimi, a kai kafin wa'adi. Turkiyya: Türkiye Bursları, ana nema daga Janairu zuwa Fabrairu, na mastas sai wanda bai kai shekara 30 ba, suna biyan makaranta da masauki da jirgi, kuma sai kin yi shekara guda kina koyon Turkanci. Jami'o'insu ITU da METU ba ƙananan makarantun zane ba ne. Hungary tana da Stipendium Hungaricum, ana rufewa a Janairu, ita sai hukumar ƙasarki ta tsayar da ke. Japan tana da tallafin gwamnati mai suna MEXT ta ofishin jakadanci, na 'yan ƙasa da shekara 35, a can kuma ɗalibin zane yana shiga ɗakin binciken wani farfesa ne, saboda haka sai kin nemo wanda aikinsa ya dace da naki kin rubuta tsarin bincike. Sin ma tana da tallafin gwamnati, ga jami'ar Tsinghua ga ta Tongji.

Amurka ma ban ce a cire ta ba. Manyan jami'o'in jihohi suna da aikin taimaka wa malami, ki duba aikin 'yan aji ɗaya ko ki kula da ɗakin injina, a yafe miki wani ɓangare na kuɗin makaranta ko ma duka, a ba ki ɗan albashi. Ba a cika tallata shi ba, sai ki rubuta wa shugaban shirin ki tambaya. Kuma rangwamen da aka ba ki bara, mutane suna komawa su nemi ƙari, musamman in suna riƙe da tayin wata makarantar. Yawancin makarantun can sun amince ba za su matsa wa ɗalibi ya karɓi tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba, wannan tsakanin shi ne lokacin ciniki. Amma kada ki sa aikin waje a lissafi, bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 a mako ta yarda da shi, a cikin makaranta.

Na ƙarshe, kafin ki tafi ko'ina ki tambayi hukumar rajistar masu zanen gini ta ƙasarki wane digiri take karɓa. Mastas na shekara guda a Birtaniya ba ya ba ki lasisi a can, kuma ba lallai ya cike miki sharaɗi a gida ba.

Mai_Fensir ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mutumin nan na sallame shi.

Yaya Ɗan_Siminti, maganarka ta sa na tambayi kaina abin da nake so tsakani da Allah. Gaskiya ba dogayen benaye masu gilashi ne a raina ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya azuzuwan da muke zanawa ne. Bulo na siminti, rufin kwano, silin a manne kusa da shi, tagogi a ɓangare guda. Da rana ta take sai ka ga malami ya kwashe yara ya fita da su inuwa. Akwai wata makaranta da mai ita ya yarda muka ɗaga rufin muka bar rata tsakaninsa da bango, muka buɗe tagogi suna kallon juna. Na ajiye ma'aunin zafi a wannan aji da kuma tsohon ajin da ke gefensa, ina rubuta abin da suka nuna safe da azahar a wani littafi. Bambancin a fili yake. Ina so in koyi yadda ake lissafa wannan tun a takarda kafin a gina, in kuma koyi gini da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Amma ba na so in daina zane.

To da wannan, wane ɓangare na faɗa? Kuma kundin ayyukana, gaskiya hotunan kwamfuta ne masu sheƙi na gidajen da muka zana a ofis. Ajin nan ban saka shi ba, don ban ga kyansa a hoto ba.

Tsohuwar_Alƙaliya ta rubuta:

'Yata, na taɓa zama cikin masu tantance kundin ɗalibai, to bari in gaya miki yadda abin yake daga wancan ɓangaren teburin.

Ana buɗe kundi bayan kundi har ido ya gaji. Kowane ɗaya 'yan mintoci yake samu a zagayen farko. Mafi yawansu iri ɗaya ne: gini mai sheƙi, sararin sama shuɗi, mota a bakin ƙofa, mutanen da aka manna suna murmushi. Irin wannan hoto ba ya gaya mana komai, don ba mu san ko ke kika yi shi ko wani aka biya ba, kuma ba ya nuna yadda kike tunani. Wanda ke sa mutum ya gyara zama shi ne wanda ya nuna matsala, ya nuna abin da aka gwada, ya nuna abin da ya fito.

Ajin nan da kika raina shi zai buɗe kundinki. Shafi na farko hoton tsohon ajin yadda yake, da yaran a waje. Sai zanen hannunki na farko, ko da a bayan takardar lissafin kaya kika yi shi, kada ki gyara. Sai zanen da ya tsaga ginin gida biyu, a ga ratar da ke tsakanin kwano da bango, da kibiyoyin da ke nuna inda iska ke shiga da inda zafi ke fita. Sai hoton kafinta a kan rufi yana kafa katakon. Sai shafin littafin nan naki, da rubutun hannunki da ranaku, a gefensa kuma ki mayar da lambobin zuwa jadawali mai layi biyu. In akwai abin da bai yi ba, misali feshin ruwan sama yana shiga ta ratar, ki nuna shi ki faɗi yadda za ki gyara. Ɗalibai kaɗan ne ke zuwa da ginin da aka gina, aka shiga, aka auna.

Ayyuka huɗu ko biyar sun isa. Na ofis ki nemi izinin maigidanki kafin ki saka, kuma a ƙarƙashin kowanne ki rubuta wane ɓangare ne naki, don masu dubawa suna gane aikin da ya fi ƙarfin mutum guda, kuma in suka ga an yi shiru a kai sai su fara shakkar sauran. Kowace makaranta tana da iyakar shafuka da nauyin fayil, ki bi su sau da ƙafa, akwai inda na'urar karɓa ma ba za ta ɗauka ba in ya wuce. Rubutu kaɗan, manyan haruffa, don a allon kwamfuta za a duba.

Wasiƙun shaida kuma, ki ba malamanki da maigidanki lokaci, ki tura musu kundin da bayanin kwas ɗin. Wasiƙar da ta ce "ɗaliba ce mai ladabi da ƙwazo" ba ta ɗaga kowa. Wadda ta ce ita ce ta kawo shawarar ɗaga rufi, ta tsaya a kai har aka yi, ita ake tunawa.

Malam_Kwamfas ya rubuta:

Ai da kin faɗi wannan tun farko da an huta. Abin da kike so yana tsakiya ne, zane ne kuma bincike ne, kuma nan ne gardamata da Ɗan_Siminti ta ƙare, don irin wannan batu masu kuɗin raya ƙasa suna so, makarantun zane ma suna so. Ki nemi kwasakwasan gini da yanayi, waɗanda ake koyar da lissafin zafi da iska da haske da manhajojin kwaikwayonsu, amma har yanzu akwai sitidiyo a ciki. Kafin ki zaɓa ki buɗe jerin darussan kwas ɗin ki ƙirga nawa ne na zane.

Ki karanta tarihin Diébédo Francis Kéré, mai zanen gini ɗan Burkina Faso. Tallafin koyon kafinta ne ya kai shi Jamus a 1985, ba na zanen gini ba. Daga baya ya shiga TU Berlin, kuma tun yana ɗalibi ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, aka gama a 2001: bulon laka, rufin kwano da aka ɗaga sama a kan ƙarafa, iska na ratsawa ta ƙasansa. Ita ta ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022. Ki dubi zanen ginin da kyau, za ki ga 'yar uwar matsalarki ce. Ki dubi aikin Mariam Issoufou ma, wadda ta fara da kimiyyar kwamfuta kafin ta yi M.Arch a Jami'ar Washington, da ginin Hikma na Dandaji a Nijar da suka yi da Yasaman Esmaili da bulon ƙasa. Ba don ki kwaikwaye su ba, don ki san inda zance ya kai kafin ki rubuta naki bayanin.

Kan ginin ƙasa, cibiyar CRAterre da ke makarantar zanen gini ta Grenoble a Faransa ta daɗe a kai, tun 1979, kuma akwai kwas na ƙwarewa a can, sai dai da Faransanci ne kuma na wanda ya riga ya yi mastas. Akwai kuma shirin Aga Khan na gine-ginen Musulunci a jami'o'in MIT da Harvard na Amurka, shi ma tun 1979, yana tallafa wa ɗaliban da ya ɗauka, amma gurbin kaɗan ne ƙwarai. Kada ki rikita shi da tallafin Gidauniyar Aga Khan, wanda rabinsa kyauta ne rabi bashi, kuma na wasu ƙasashe ne ƙididdigaggu. Ki duba ko taki tana ciki kafin ki ɓata lokaci.

Wani abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: digirin digirgir ya fi mastas sauƙin samun kuɗi. A Holan da Suwidin da Denmak da Norway, ɗalibin digirgir ma'aikaci ne, albashi ake biyansa, kuma tallar gurbin ake yi kamar ta aiki. Saboda haka akwai masu yin mastas a inda ya fi musu araha, ko da a gida ne, su fito da bincike mai kyau, sannan su nemi na gaba da cikakken kuɗi. Littafin aune-aunenki zai iya zama tushen irin wannan bincike in kika ci gaba da cika shi har shekara ta zagayo, a ga zafi a ga sanyi a ga damina.

Mai_Fensir ta rubuta:

Na kwafe duka. Na fitar da ajin daga inda na jefa shi, kuma gobe zan koma makarantar in ɗauki hotuna da rana tsaka. Tambaya ɗaya ta rage: jarrabawar Turanci in yi ta yanzu, ko in bari sai na ga an kira ni? Ina da tsohon sakamakon da na yi amfani da shi bara.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Ki duba ranar da ke jikinsa. IELTS da TOEFL shekara biyu suke yi su mutu, kuma wasu makarantun suna so sakamakon ya kasance da rai har ranar fara karatu, ba ranar da kika tura takardu kawai ba. In zai ƙare kafin nan, ki sake tun da wuri, don lokacin da kowa ke nema gurbin zama jarrabawar yakan cika. Wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙar da ke nuna da Turanci kika yi digirinki, wasu ba sa karɓa, wannan sai kin duba shafin kowace. Jarrabawar GRE kuma, ta masu neman shiga digiri na biyu, makarantun zane da yawa sun daina nema, kada ki biya kuɗinta sai kin ga an rubuta ana so.

Abin da zan ce ki fara nema a wannan makon shi ne takardar sakamakon jami'arki mai ɗauke da dukkan darussa, da wasiƙa daga ofishinku a kan takarda mai tambari, ɗauke da ranar da kika fara aiki da sa hannu da hatimi. EPOS sai da ita, kuma waɗannan biyun ne ba a hannunki saurin fitarsu yake ba.